A koya wa yara ƙirgen tsallake da manyan lambobi kafin a kafa musu dogon sau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da malaman firamare da iyayen yara a kan wani abu da aka raina a darasin lissafi, wato ƙirgen tsallake, da yadda yake haɗe da sau, wanda wasu ke kira ninkawa.

A yawancin makarantunmu yaro yakan koyi ƙirga biyu-biyu, biyar-biyar da goma-goma a aji ɗaya da aji biyu. Daga nan sai a rufe babin, a nuna masa jadawalin sau da ke bayan littafin rubutu, ya yi ta rerawa har 12 sau 12. Ya kai aji huɗu, a kafa masa 48 sau 23 a allo, a ce ya rubuta layi biyu, ya sa sifili a na biyun, ya tara. Ka tambaye shi dalilin wannan sifili, ya ce haka Malam ya ce. Ka tambaye shi 37 sau 8 da ka, ya tsaya cik, domin waƙar da ya hardace ba ta kai 37 ba. Shi kansa tsayawar jadawalin a 12 gadon zamanin fam da sule ne, lokacin da kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam. Tun ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta koma naira mai kwabo ɗari, amma jadawalin yana nan inda aka bar shi. Ban ce a watsar da shi ba, tunda dozin na nan, ƙafa ma har gobe inci 12 ce. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin jadawali da dogon sau akwai aikin da ake ƙetarewa, kuma aikin nan shi ne ƙirgen tsallake da lambobi irin su 25, 48, 125 da 500.

Dubi mai sayar da ƙwai yana ƙirga kayansa. Kiret guda ƙwai 30 ne. Yana taɓa kowane kiret yana cewa talatin, sittin, casa'in, ɗari da ashirin, ɗari da hamsin, ɗari da tamanin, ɗari biyu da goma. Abu uku ke cikin wannan ƙirge: faɗin tsalle, wato 30, yawan tsalle, wato kiret 7 da hannunsa ya taɓa, da masauki, wato 210. Wannan shi ne 30 sau 7, babu ƙari babu ragi. Idan yaro na ƙirga biyu-biyu ko biyar-biyar, bakinsa ne ke aiki, kansa na hutawa, domin ya riga ya hardace jerin. Babbar lamba kuwa ba ta da waƙa. Dole ya tara a kowane tsalle, dole kuma ya riƙe yawan tsallen da ya yi, kuma a nan ne yake ganin abin da sau ke nufi.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya ratsa garin Tasawa a 1851, ya bayyana yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar, a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000. A Jamhuriyar Nijar har yau da dala ake ciniki, dala guda kuwa sefa 5 ce, don haka mai tallar da ta ce dala ashirin sefa 100 take nufi, jikka guda kuma dala metan ce, sefa 1,000. Almajirin da ya san izu 60 ne a Alƙur'ani, kowane izu sumuni 8, yana iya ƙirga sittin-sittin sau takwas ya sauka a 480. Yaran da ke zaune a gabanmu daga irin waɗannan gidaje suke fitowa, amma da sun shigo aji sai mu sa su ajiye wannan basira a bakin ƙofa.

Wajen koyarwa, a fara da lambobin da ke kan takardun kuɗi: 20, 50, 200, 500. Ƙirga ɗari bibbiyu daidai yake da ƙirga biyu-biyu, sai dai abin da ake ƙirgawa ɗari ne: ɗari biyu, ɗari huɗu, ɗari shida, ɗari takwas. Tuntuɓen farko yana tsalle na biyar. Yaro zai ce ɗari goma, sannan ɗari sha biyu. Bai yi kuskure a lissafi ba, kada a doke shi. A tambaye shi wace takarda guda za a ba shi a madadin ɗari goma, da kansa zai ce dubu. Tuntuɓe na biyu a rubutu yake. A ce ya rubuta dubu ɗaya da ɗari biyu, sai ya rubuta 1000200, wato ya rubuta abin da kunnensa ya ji bi da bi. Maganin wannan shi ne a tsaga gidaje huɗu a allo, na dubu, na ɗari, na goma, na ɗaya, a hana kowane gida ɗaukar fiye da alƙalami guda. Haka nan idan ana ƙirga dubu hamsin-hamsin, kamar yadda ake ƙirga bandir na 'yan ɗari biyar, tsalle na uku kowa yakan ce dubu ɗari da hamsin, yana nufin 150,000, yaro kuma ya rubuta 100,050. Malami ya saba faɗin ta cikakkiya a aji: dubu ɗari da dubu hamsin.

Akwai kuma dabarar nan ta "ajiye sifili, ka ninka, ka mayar da sifili". Tana aiki, amma tana da tarko. 500 sau 4, yaro ya ce 5 sau 4 ashirin, ya ga sifili guda ya riga ya bayyana, sai ya ƙara guda kawai ya rubuta 200. Wanda ya taɓa ƙirga ɗari biyar, dubu, dubu da ɗari biyar, dubu biyu, ba zai yarda 'yan ɗari biyar guda huɗu su zama naira 200 ba.

Bayan waɗannan sai 25 da danginta. Jarka mai cin lita 25: 25, 50, 75, 100. Kowane tsalle huɗu ɗari ne cif, sannan wutsiyar, wato alƙaluman ƙarshen lambar, ta sake dawowa, 25, 50, 75, sifili biyu. Da zarar yaro ya lura da haka, jarka 17 ba ta buƙatar tsalle 17. Huɗu-huɗu sau huɗu jarka 16 ke nan, lita 400, a ƙara guda, 425. Haka 250 ke cika dubu a tsalle huɗu, 125 kuma a tsalle takwas: 125, 250, 375, 500, 625, 750, 875, 1,000. Wannan jeri na ƙarshe ya cancanci a hardace shi, domin zai sake haɗuwa da shi a darasin kaso. Sai 12, 24, 30 da 60, waɗanda dozin da agogo ke buƙata. Awa 24 sau bakwai, 24, 48, 72, 96, 120, 144, 168, awoyin mako ke nan.

Inda nake so a daɗe shi ne lambobi marasa daɗin baki, kuma 37 ta fi kowace dacewa da farawa. A tsaga allo gida biyu. A hagu a rubuta 1 zuwa 10 daga sama zuwa ƙasa, a dama a bar fili. A fito da yara biyu. Ɗaya yana jefa murfin kwalba ko tsakuwa a kwano duk lokacin da aka yi tsalle, ɗaya yana faɗin masauki, sauran aji suna rubutawa. Jerin da za a samu shi ne 37, 74, 111, 148, 185, 222, 259, 296, 333, 370. Raba aikin tsakanin yara biyu yana da dalili. Yaro guda da aka bar wa tarawa da riƙe yawan tsalle a lokaci ɗaya, yawanci wajen tsalle na biyar ko na shida ɗayan biyun ke kuɓuce masa. Sai ya ƙware a tarawa tukuna a haɗa masa su.

Hanyar yin tsallen kansa iri uku ce, kuma gara a nuna duka a bar yaro ya zaɓa. Ta farko, a fasa 37 gida biyu, a ƙara 30 sannan a ƙara 7: daga 74 zuwa 104, zuwa 111. Ta biyu, a zarce sannan a dawo, wato a ƙara 40 a cire 3: daga 111 zuwa 151, a dawo 148. Wannan ta fi sauƙi ga duk lambar da ke ƙarewa da 7, 8 ko 9. Tasbaha mai ƙwaya 99, zagaye bakwai, ɗari bakwai ne a cire bakwai, 693. Ta uku ita ce mafi amfani ga abin da ke tafe. A rubuta jeri biyu kafaɗa da kafaɗa, na talatin-talatin da na bakwai-bakwai. A layi na takwas za a ga 240 da 56. A tara su, 296, daidai da abin da ke layi na takwas a jerin 37. Yaro ya gani da idonsa cewa 37 sau 8 shi ne 30 sau 8 da 7 sau 8 a haɗe, kuma jadawalin da ya hardace bai tashi a banza ba, yana nan ɓoye a cikin babbar lamba. Ko wutsiyoyin jerin sun nuna haka: 7, 4, 1, 8, 5, 2, 9, 6, 3, 0, su ne dai wutsiyoyin jadawalin bakwai.

Babban aibin ƙirgen tsallake shi ne kuskure guda yana bin duk abin da ya biyo bayansa. Saboda haka ba a koyar da shi ba tare da koyar da hanyar binciken kai ba. Ma'auni mafi sauƙi shi ne tsalle na goma. Tun kafin a fara, kowa ya san dole layi na goma ya zama 370, layi na biyar kuma rabinsa, 185. A rubuta waɗannan biyu a allo tun farko. Idan yaro ya iso layi na goma da wata lamba daban, bambancin da ke tsakaninta da 370 shi zai faɗa wa malami irin ciwon.

Idan bambancin goma ne, ya manta ɗayan da ake riƙewa. Misali ya tara 74 da 37 ya samu 101 maimakon 111. Daga nan jerinsa zai tafi 138, 175, 212, 249, 286, 323, 360. Duk wutsiyoyin daidai suke, shi ya sa malamin da ke duba alƙalamin ƙarshe kawai ba zai kama shi ba. Idan bambancin 37 ne cif, to tarawarsa lafiya lau take, yawan tsallen ne ya kuɓuce, ko ya maimaita layi ko ya ƙetare. Idan bambancin ya yi yawa kuma ba shi da kan gado, a duba ko faɗin tsallen ya sauya a hanya, domin yara kan fara da 37 su ɓuge da ƙara 27, wani ma ya juya ta ta koma 73. Rubuta "+37" da babban baƙi a saman shafi yana rage wannan ƙwarai.

Akwai wani kuskure da ya fi waɗannan wuyar gani. Yaro ya fara jerinsa daga sifili, 0, 37, 74, ya ƙirga lambobi takwas, ya tsaya a 259, ya ce 37 sau 8 ke nan. Masaukai ya ƙirga, ya haɗa da inda ya tashi, alhali tsalle ake ƙirgawa. Jaririn da aka haifa ran Juma'a ana raɗa masa suna wata Juma'ar. In ka jera sunayen ranakun takwas za ka samu, amma kwana bakwai aka yi. Amfanin kwano da tsakuwa ke nan: ba a jefa tsakuwa sai an motsa.

Ga wanda yake son ma'aunin da zai kama kuskure nan take ba sai an kai layi na goma ba, akwai tara alƙaluma. A tara alƙaluman lamba har su koma guda. 37 ta ba da 3 da 7, goma, 1 da 0, ɗaya. 74 ta ba da sha ɗaya, wato biyu. 111 uku, 148 huɗu, 185 biyar, haka har 333 da ke ba da tara. A jerin 37 sakamakon yana tafiya daidai da lambar layi, shi ya sa na ce ta fi dacewa da farawa. Wancan 101 na kuskure yana ba da biyu a inda ake jiran uku, an kama shi ke nan a layinsa. A jerin 48 abin da ke fitowa shi ne 3, 6, 9, 3, 6, 9, domin 4 da 8 sha biyu ne, wato uku, kuma kowane tsalle uku yake ƙarawa. Amma a gaya wa yara iyakar wannan ma'auni. Ba ya kama juyin alƙaluma: wanda ya rubuta 295 a madadin 259 zai wuce, tunda duka biyun bakwai suke bayarwa. Ba ya kuma kama kuskuren da ya zo daidai da tara ko ninkinta.

Yanzu sai mu koma kan 48 sau 23. A bar yara su fara tsalle ɗaya-ɗaya, 48, 96, 144, 192, 240. Kada a yi saurin ceto su. Gajiyar nan ana bukatarta, domin ita ke sa su nemi gajeriyar hanya. Wajen layi na goma, da sun ga 480, a tambaye su: in muka sake yin wani goman, ina za mu sauka? Wani zai ce 960. Tsalle nawa muka yi? Ashirin. Saura nawa? Uku. Sai 1,008, 1,056, 1,104. An gama da manyan tsalle biyu da ƙanana uku. A nan ne, ba kafin nan ba, za a rubuta dogon sau a gefe. Layin farko 144, ƙananan tsalle ukun nan ne a haɗe. Layi na biyu 960, manyan biyun ne. Sifilin da ake cewa a sa ba ado ba ne, shi ke nuna cewa 2 ɗin da ke cikin 23 tsalle ashirin ne. Wanda ya manta shi zai tara 144 da 96 ya samu 240, kuma 240 tana nan a jerin da suka rubuta da hannunsu, a layi na biyar. Tsalle uku da biyu ya yi, biyar, a inda aka ce ya yi ashirin da uku. Ban san wani bayani da ke zaunar da wannan sifili a kan yaro kamar wannan ba.

Ninki biyu ma hanya ce ta faɗaɗa tsalle, kuma tsohuwa ce ƙwarai. Da ita Misirawan dā suke sau, kamar yadda takardar lissafin da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta nuna. A rubuta 48 a gaban 1, 96 a gaban 2, 192 a gaban 4, 384 a gaban 8, 768 a gaban 16. Ashirin da uku ita ce 16 da 4 da 2 da 1. A ɗebo abin da ke gabansu, 768, 192, 96, 48, a tara, 1,104. Layin 8 ba a taɓa shi. Yaron da jadawali ke ba shi wahala yana iya tsira da wannan, tunda ba ta buƙatar komai sai ninki biyu da tarawa, kuma tana ba shi hanya ta biyu ta gwada amsar da ya samu ta hanyar farko.

Wani abin da ƙirgen tsallake ke fitarwa fili shi ne zaɓin wace lamba za ta zama faɗi, wace za ta zama yawa. 4 sau 350, idan aka bi shi yadda yake, tsalle 350 ne na huɗu-huɗu, aikin yini guda. A juya shi, 350, 700, 1,050, 1,400, an gama. Yara da yawa ba su yarda amsar ɗaya ce ba sai sun gani. A ɗora kiret ɗin ƙwai a tebur, layi biyar na shida-shida. A juya shi, ya koma layi shida na biyar-biyar. Ƙwai dai 30 ne. Ƙa'idar aiki ita ce babbar lamba ta zama faɗin tsalle, ƙarama ta zama yawansa.

Rabawa kuwa ƙirgen nan ne dai, tambayar ce ta sauya. Ƙwai 1,000, kiret nawa? Kiret goma 300 ne, to 300, 600, 900, kiret talatin. Sai 930, 960, 990, kiret 33, saura ƙwai 10. In tambayar ita ce kiret nawa za a sayar cikakku, 33 ne. In kuwa kiret nawa za a tanada don kwashe su, 34 ne, kuma yara suna faɗuwa a wannan bambanci fiye da yadda suke faɗuwa a lissafin kansa. Dogon rabawa da lamba mai alƙalami biyu, wanda ke firgita 'yan aji biyar da shida, yana sauƙi idan aka fara rubuta jerin mai rabawar daga 1 zuwa 9 a gefen shafi. 900 a raba da 37: tsalle ashirin 740, saura 160, a duba jeri, 148 ce mafi kusa ba tare da an zarce ba, layi na huɗu, amsa 24, saura 12. Babu cinta, babu gogewa har takarda ta huje. Ko ranar mako ana samun ta haka. Yau Juma'a, kwana 100 nan gaba wace rana ce? Kwana 70 mako goma ne, sai 77, 84, 91, 98, duk Juma'a. Saura biyu, Lahadi.

Sai dai a kiyaye, ba kowane ƙirgen tsallake ne sau tsantsa ba. Sai wanda ya tashi daga sifili. A ce, don misali, mai mota ya yanka naira 2,000 kuɗin tasowa, sannan 350 kowane buhu. Jerin zai tafi 2,350, 2,700, 3,050, 3,400. Faɗin tsalle bai sauya ba, amma dabarar ninki biyu ba ta aiki a nan. Buhu huɗu 3,400 ne, buhu takwas kuwa 4,800, ba 6,800 ba, domin kuɗin tasowa sau ɗaya ake biya. Ma'aunin tsalle na goma ma sai an gyara shi: 3,500 a ƙara 2,000. A ware abin da aka tashi da shi gefe, a yi sau, a mayar da shi daga ƙarshe. Yaron da ya fahimci wannan a firamare ba zai sha wuya ba idan ya tarar da shi a sakandare sanye da haruffa.

Na san wani zai ce waya ta zo, kowa da kalkuleta a aljihu. Gaskiya ne, kuma ba na gaba da ita. Ƙananan kalkuleta da yawa ma, in ka danna 37, alamar tarawa, 37, ka yi ta danna alamar daidai, jerin nan za su yi ta zubo maka, yaro na iya faɗin amsa kafin ya danna ya gwada kansa. Amma kalkuleta abin da yatsa ya ba ta take ninkawa. Mai shago ya so danna 350 sau 24, sifili bai shiga ba, ta ba shi 840. Wanda ya san cewa guda goma kaɗai 3,500 ne zai tsaya ya sake dubawa ya samu 8,400. Wanda bai sani ba zai karɓi kuɗi ya yi godiya.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana malamai bai fi minti goma a farkon darasi ba, daga aji uku zuwa aji shida, lamba guda a rana. Kayan aikin alli ne da kwano da murafun kwalba goma. A aji mai cunkoso a raba layukan benci biyu, ɓangare guda na faɗin yawan tsalle, ɗayan na faɗin masauki, sannan a yi musaya. Amma kada a tsaya ga amshi na taro, domin a cikin amshi yaro biyar ne ke lissafi, saura suna bin baki. A tsayar da ƙirge a tsakiya, a nuna yaro guda a ce: muna 222, tsalle nawa muka yi? Ko a ce: in muka ƙara uku, ina za mu sauka? Wani lokaci a ƙirga da baya, daga 370 zuwa sifili, shi ne share fagen rabawa. Kada kuma a bar lamba guda ta daɗe har ta zama waƙa. Da an ji aji ya fara rera ta, a sauya.

Iyaye ma suna da rabonsu, kuma ba sai wanda ya yi boko ba. Uwa mai zubin adashi na 500 kullum ta sa ɗanta ya ƙirga mata na kwana 30, ya fara da na kwana goma. Uba mai sayen siminti ya tambayi 'yarsa buhu nawa mai kilo 50 ke cika tan guda, ta ƙirga hamsin-hamsin har dubu ta samu 20. Ga kuma gwajin da kowa zai iya yi wa ɗan aji biyar a gida: a ce ya ƙirga tamanin da uku-uku, wato 83 kowane tsalle, har sau goma. Layi na biyar ya zama 415, na goma 830. Idan ya samu, a tambaye shi 83 sau 26 ba tare da dogon sau ba. Hanyar ita ce 830, 1,660, sannan a ɗauko layi na shida daga jerinsa, 498, a tara, 2,158. Idan ya ce 664, to ashirin ɗin ya ɗauka a matsayin biyu, a mayar da shi kan manyan tsalle.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi a makarantar firamare,
Zariya